Tauraron Mala

Unguwar Mala, ta ƙasar Tsanyawa
Kwana tara bayan Babbar Salla

Zuwa ga jikata Kaltumi, 'yar Usaini ɗan wana, ma'aikaciyar jinya a Zariya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, gero ya fito, taki ne dai bana muka gan shi a kasuwa muka gaisa muka wuce. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta. Kin ce za ki rabu da ni ki auri saurayi tunda na kurumce, ga shi shekara uku ba ki zo karɓar takardarki ba.

Malam Muhammadu Sani liman ne ke rubuta mini, na kuma ce masa ya sa maganata yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliya. Kada ki ce me ya hana ni kira a waya. Kunnena ba ya kamawa, kuma maganar da za a yi shawara a kanta gara a ajiye ta inda za a sake dubawa.

Ga abin da ya sa na neme ki. Ɗana Mika'ilu yana da 'ya, Hure, shekararta biyu da rabi, ba ki taɓa ganinta ba. Yarinyar nan tana da tauraron Mala. Tun tana wata takwas na gan shi a idonta na hagu: in ta juyo daga bakin ƙofa sai ka ga wani fari yana walƙiya can cikin ƙwayar. Ke a birni kika tashi, ƙila ubanki bai gaya miki ba. Kakana Mala, wanda ya zo daga Barno da littattafansa ya sari wannan wuri, da irin tauraron nan ya tashi. Idon ya shanye tun yana ƙarami, da ɗayan ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka har sau uku. Tun daga kansa, in aka sami mai tauraro a gidan nan, ƙa'idarmu ɗaya ce: a cika masa ido da kwalli, a ajiye shi cikin gida, kada baƙo ya gani ya yi magana, domin baki ne ke kashe su.

To makon jiya ina gona Hure ta yi zazzaɓi, sai uwarta Luba ta ɗauke ta ba da sanina ba ta kai ta sha-ka-tafi. Furera mai duba marasa lafiya a can ta dawo daga wata bita da aka yi musu a Bici da wata 'yar tocila. Yanzu duk yaron da ya shiga sai ta ja labule ta haska masa ido, ko da ƙaya ce ta soke shi a ƙafa. Ta haska Hure, ta rubuta takarda wai a kai ta Kano cikin mako guda. Ba ta tsaya nan ba, ta biyo Luba har zaurena tana gaya mini wai ciwon daji ne. Na tuna mata cewa ni na riƙe ragon sunan ubanta. Da na tambaye ta wa ya koya mata wannan aiki, sai ta ce wata Sista Kaltumi ce da mutanenta suka zo daga Zariya.

Ashe har Bici kika zo, ba ki ƙaraso kin ga tsohon mijinki ba. Na ajiye wannan, za mu yi ta daga baya.

Mika'ilu yana Legas yana neman abin sa wa a baki, ya ce abin da na yanke shi ne. Abin da nake so ki rubuta wa Furera ta fita daga harkar gidana. Ke kika ɗaure, ke za ki kwance.

Naki,
Kallamu

*

Zariya
Ranar Lahadi

Baba Kallamu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Malam liman da ya ɗauki wahalar rubutu. Mu duka lafiya. Laifin Bici na karɓa. Kwana uku muka yi, daga ɗakin bita sai mota. Takardar saki kuwa ka riƙe abarka, samarin yanzu ba su da rumbu.

Baba, ba zan hana Furera ba, abin da muka koya mata ta yi. Idon yaro mai lafiya in aka haska shi a ɗaki mai duhu, ja yake maidowa. In ya maido fari, akwai abin da ke tsirowa a bayan ƙwayar, kuma sau da yawa ciwon daji ne. Yana bin jini a wasu gidaje. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su ne ke fara ganin yara, amma da yawansu ba a taɓa nuna musu wannan ba, sai su ba da man ido su sallama. Shi ya sa muke yawo muna koya musu. Ciwon nan in an kama shi yana cikin ido, yawancin yara suna warkewa. Wani lokaci sai an cire idon, ba zan ɓoye maka ba. In ya fita daga ido ya bi jijiya zuwa kai, da wuya a ceto yaro. Don Allah a kai Hure cikin satin nan, kada a jira maimai, kada a jira komai.

Ina kuma roƙonka abu ɗaya, tunda babu wanda ya kai ka riƙe labarin gidanmu. Ka sa a rubuto mini duk yaran da aka haifa da tauraron nan tun bayan Mala, da shekarunsu, da yadda kowa ya ƙare.

Jibi za a tura mu Yola, sai bayan wata uku. Ga adireshin a bayan takarda.

Jikarka,
Kaltumi

*

Unguwar Mala
Ƙarshen watan Cika-ciki

Kaltumi,

Ina gaishe ki, ina fata zafin Yola bai narkar da ke ba. Mu lafiya. Gero ya yi ciki, sai dai ya yi rawaya saboda rashin taki.

Takardarki sai shekaranjiya ta iso. Tun da mai ya yi tsada bas ɗinmu ba ya fita sai ranar kasuwa, direban kuma ya cusa ta a aljihun mota ya manta, sati biyar. Ni da na ji shiru na ɗauka kin gane kin yi kuskure ne kunya ta hana ki magana. Luba ta ce kin yi ta kiranta. Na ce mai magana da ni ya rubuto.

Batun cire ido kada ki sake kawo mini shi. Allah ya ba ta biyu, da biyu za ta koma gare shi. Amma na ji daɗin ƙarshen takardarki. Tunda kika nemi labarin, na san jininki ya fara motsawa, kin ga akwai abin da ba a koyarwa a makarantarku. Saurara ki ji.

Na farko ƙanena Khalilu. Ina ɗan shekara takwas, wata mai tallan nono ta shigo ta gan shi a bayan innarmu ta ce, wannan yaro ido kamar na mage. Kafin kaka idon ya kumbura. Bai cika shekara uku ba.

Ta biyu Aishatu, ƙanwar ubanki, shekarar babban fari. Wanzaminmu ya yi tafiya aka kira baƙo, ya gani ya yi ta santi. Ta rasu tana da shekara uku da wata biyu.

Na uku Mala ƙarami, a gidan ƙanwata da ke aure a Bagwai. An kai shi biki aka yi ta ɗaukarsa hannu-hannu. Shi ko yaye ba a gama ba.

Ta huɗu 'yata Amsa. Da na ga tauraron a idonta na rantse wannan ba za a kashe mini ita ba. Na sa ta a ƙuryar ɗaki, na hana kowa shiga sai ni da uwarta Zulaihatu, Allah ya ji ƙanta. Shekara ɗaya da rabi yarinyar nan ba ta taka tsakar gida ba sai in an rufe ƙofar zaure. Duk da haka idon ya fito, ya yi kamar ƙwan zabo, ta yi wata biyu tana kuka kafin Allah ya karɓe ta. Na san ba yadda za a yi sai in wani ya gan ta, na kuwa ce wa Zulaihatu ita ce ta nuna wa 'yan'uwanta ranar da na tafi kasuwar Bici. Ta dafa Alƙur'ani ta ce ba ta yi ba. Damina guda ban ci tuwonta ba. Har ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ban janye maganar ba.

Kin ga dai kowa da bakin da ya kama shi. Hure ma tun ranar da Furera ta haska ta idon ya fara ja yana zubar da ruwa. Da ba haka yake ba.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa ubanki ba. A gidan malamai aka haife ni, amma kaina bai ɗauki karatu ba. Izu biyu na yi aka karɓe allon aka ba ni garma. Abin da Allah ya ba ni shi ne ba na mantuwa. Tun bayan Mala babu wanda ya sake rubuta Alƙur'ani da ka a zuriyarsa, ni kuwa ina so kafin a kai ni in ga mai tauraro ɗaya ya rayu. Hure tana jin Malam yana karatu ta bayan katanga tana maimaitawa. Ki bar mini ita.

Kallamu

*

Yola
Ranar Alhamis

Baba,

Ina gaisuwa. Wannan ta wayar Furera na turo, za ta kwafa ta kawo maka da hannunta. Kada ka kore ta.

Ka yafe mini, ba don na yarda da kai na nemi labarin ba. Na nema ne don ka ji shi a jere da kunnenka. Yara huɗu, babu wanda ya kai shekara huɗu. Uku an gan su. Amsa ba wanda ya gan ta, ta kuma tafi ta hanyar da suka bi, ido ya yi ja, ya kumbura, ya fito. Inna Zulaihatu gaskiya ta gaya maka. Ciwon ne, Baba, yana tafiyarsa ko an gani ko ba a gani ba. Jan da idon Hure ya fara ba tocila ba ce, lokaci ne ke ƙurewa.

Akan sami ɗaya cikin masu yawa da ciwon ke mutuwa da kansa, idon ya shanye, mutumin ya rayu. Ina jin Mala irinsu ne. Kai da bakinka ka ce da ɗayan idon ya yi karatunsa. Hure ma tana da ɗayan.

Na yi magana da likitan ido a Kano, yana jiranku. Gobe, Baba.

Kaltumi

*

Unguwar Mala
Watan Mauludi, kwana ashirin

Kaltumi,

Ina gaishe ki. Jiki da sauƙi ba zan ce ba.

Furera ta kawo takardarki, na karɓa na ce ta tafi. Malam ya karanta mini, da ya zo kan sunan Zulaihatu na ce ya tsaya. Na ce yarinyar da aka haifa jiya ce za ta raba shari'ar da ta girme ta. Malam ya ninke takardar ya ajiye mini a kan buzu. Washegari na koma na ce ya ƙarasa. Bayan kwana uku na sake sa shi ya karanta daga farko.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban tashi gobe ba kamar yadda kika ce. Na ce sai an yanke gero, don babu namiji a gidan sai ni. Gaskiyar kuwa ba geron ba ne. In na kai Hure Kano, na yarda ke nan cewa matar nan ta yi shekara ashirin da wani abu tana zuba mini ruwan alwala da ƙazafina a kanta. Sati uku na yi ina kewaya wannan.

Wata ranar Talata da hantsi na dawo daga gona na tarar da Luba a bakin turmi da yarinyar a cinya, ta ƙi koko. Hure ta juyo ta dube ni, sai na ga fuskar Amsa. Idon ya turo fatar. Na ajiye lauje na ce wa Luba ta ɗauko mayafinta, na aika a kira Furera.

Mu huɗu muka shiga Kano. A mota Furera ta gaya mini abin da ke cin ta. Ashe bara ma Luba ta taɓa saɗaɗawa ta kai mata Hure saboda idon ya ɗan karkace, ita kuwa ta ba da man shafawa ta ce zai daidaita. Ta ce a lokacin ba wanda ya taɓa gaya mata cewa karkacewar ido a jariri abin tsoro ne. Tana faɗa tana share hawaye da bakin hijabi. Na ce mata ta yi shiru, ita shekara ɗaya ta yi ba ta sani ba, ni saba'in na yi.

An sa yarinyar a na'ura an ɗauki hoton kanta. Likitan yaro ne, bai kai Mika'ilu ba, amma ya durƙusa ya gaishe ni, ya kuma ɗaga murya don in ji. Ya ce abin ya bi jijiya ya shiga ciki. Za su cire idon don ta huta da zafi, za su yi mata ƙarin ruwa na magani, amma kada mu sa rai da yawa. Na tambaye shi, da a ce bayan Salla muka zo fa? Ya yi ta juya biro. Na ce ni tsoho ne, ya faɗa mini.

Ya ce, “Baba, rai na Allah ne. Amma irin waɗanda ake kawo mana a wannan lokacin, da yawansu yanzu suna makaranta.”

An cire. Mika'ilu ya taho daga Legas, kwana biyu a hanya. Gaisuwa kawai ya yi mini, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Suna can asibiti shi da Luba, ni na dawo saboda dawa. Hure ta ba da saƙo wai in ajiye mata 'yar akuyarta kada a sayar.

Ki yi mana addu'a.

Kallamu

*

Unguwar Mala
Bayan an gama shigar da dawa

Kaltumi jikata,

Na san Luba ta gaya miki a waya, amma ina so ki ji daga gare ni. Hure ta rasu ranar Juma'a da walaha, a gida, a ɗakin uwarta. Likita ne ya ce a dawo da ita cikin 'yan'uwanta, ya ba Furera maganin rage zafi, kullum tana zuwa safe da yamma. Ba ta yi irin kukan Amsa ba, wannan kam na gode musu. Ni na ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, ba ta kai nauyin damin gero ba. Na nuna musu gefen Amsa. Da jama'a suka watse na tsaya wajen Zulaihatu na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun tana ji. Malam ya ce in yi ta yi mata sadaka da addu'a. Ina yi. Ban sani ba ko ya isa.

Na ji an ce kin dawo Zariya, kin kuma ce za ki zo ta'aziyya. Ki dakata tukuna, ga dalili.

Bayan addu'ar bakwai mutanenku sun zo Tsanyawa yin bita ga ma'aikatan ƙauyuka, har da ungozomomi. Furera ta roƙe ni in je in yi magana. Na ce ni da ban san bihim ba me zan gaya wa masu farin kaya? Ta ce abin da na gaya miki. Na je. Sun kai su talatin a kan benci, ana nuna musu hotuna: farin ido, kumburin muƙamuƙi, cikin yaro da ya yi tauri gefe guda, zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Da aka ba ni wuri na kira musu sunayen biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Na ce musu kada su zauna jiran a kawo musu irin waɗannan yara, domin a gidaje irin nawa yaron da ya fi buƙatarsu shi ne wanda aka fi ɓoyewa. Wani saurayi a baya ya tambaya ta yaya za su san gidajen. Na ce ya ɗauko biro.

Zuriyar Mala gida talatin da ɗaya ne, daga nan zuwa Bici da Bagwai, har da waɗanda suka bi ta wajen mata suka canza suna. Babu wanda ya san su duka sai ni. Sati biyu muna bi da Furera a bayan babur, da gwiwar nan tawa. In ta yi sallama ita kaɗai ba a fito mata da jarirai, sai na shiga gaba.

Gida ashirin da shida duk ja idon ya maido. Jiya muka isa Bagwai gidan ƙanwata, uwar Mala ƙarami. Ta fito da jikoki huɗu ta ce su ke nan. Ni kuwa na san an yi suna a gidan da azumi. Na tambaye ta ina Ɗanliti, jikanta na wajen autanta, da aka haifa ranar Litinin? Ta ce yana barci. Na wuce ta na shiga ƙuryar ɗaki na same shi a kan gado, ido cike da kwalli har kumatu. Na ɗauko shi na sa aka kawo ruwan ɗumi na wanke da hannuna. Ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, “Yaya, kai ka koya mana ɓoyewa.”

Na ce, “Ni ne. Matsa ki ba ta hanya.”

Furera ta ja labule ta haska. Na dama ja. Na hagu fari, ɗan ƙarami, ko uwarsa sai wata guda ke nan da lura da shi. Watansa takwas.

Uban yaron ya ce ya bar mini wuƙa da nama. Jibi Laraba za mu shiga Kano da motar farko, ni da uwarsa da Furera. Ki bar zuwa nan, ki tare mu a can, don kunnena ba ya kama duk abin da likita ke faɗa, kuma ina so in ji komai. In sun ce akwai yadda za a yi a bar masa idon, alhamdu lillahi. In sun ce sai an cire, kada su tsaya lallashina, su kawo takardar da tawada in dangwala.

Saura gida huɗu. In mun dawo za mu ƙarasa.

Kakanki,
Kallamu